Injin F20C na Honda S2000: tambayoyi da amsoshi kan ƙarfinsa, kula da shi da abubuwan da ke kashe shi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu Honda S2000 da masu niyyar sayenta suka fi maimaitawa a kan injinta. Duk inda aka ce "juyi", ana nufin sau nawa karanshaf ke zagayawa a minti ɗaya.

Wane inji ne F20C, kuma a wace mota yake?

Injin fetur ne mai silinda huɗu a jere da bawul 16, babu turbo a jikinsa. Honda ta ƙera shi musamman domin S2000, ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da ake buɗe rufinta, wadda ta fito kasuwa a 1999 don murnar cikar kamfanin shekara 50. Shigeru Uehara ne ya jagoranci aikin. An fara haɗa motar a masana'antar Takanezawa da ke Japan, daga baya aka mayar da aikin Suzuka a 2004, aka daina ƙera ta a 2009 bayan an yi kimanin guda 110,000.

An ɗora injin a tsaye, ba a gicciye kamar na Civic ko Accord ba, kuma an tura shi bayan layin tayoyin gaba don nauyin motar ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Tayoyin baya yake turawa, ta giyar hannu mai hawa shida. Ba a taɓa yin S2000 mai giyar otomatik ba.

Mene ne ainihin alƙalumansa?

Girmansa cc 1,997. Faɗin silinda milimita 87, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 84, tsawon konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, milimita 153. Na kasuwar Japan yana da matsi 11.7 bisa 1, yana ba da ƙarfin doki 250 a juyi 8,300, da ƙarfin murɗa Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa) 218 a juyi 7,500. Na Turai da Amurka an sassauta matsinsa zuwa 11.0 bisa 1 saboda fetur ɗin can, yana ba da doki kusan 240 a juyi 8,300, da Nm 208 a juyi 7,500. Kwamfutar inji tana yanke fetur a wajen juyi 9,000.

Idan aka raba, na Japan yana fitar da doki kusan 125 daga kowace lita. A cikin motocin kasuwa marasa turbo, sai da Ferrari 458 Italia ta fito bayan shekara goma kafin a wuce wannan adadi.

Me ya sa sai an kai shi juyi 9,000 kafin ya nuna ƙarfi?

Ƙarfin doki ba komai ba ne illa ƙarfin murɗa a ninka shi da yawan juyi. Inji mai lita biyu da ba shi da turbo, iskar da yake iya zuƙa a kowane juyi tana da iyaka, don haka ƙarfin murɗarsa ba ya wuce Nm 200 da 'yan kai, duk ƙwarewar wanda ya zana shi. Tunda ba za a iya ƙara wannan ba, hanya ɗaya ta rage: a sa injin ya ci gaba da shaƙar iska sosai har can sama. A juyi 8,300 F20C yana riƙe da sama da Nm 200, wato kusan duk abin da yake da shi, alhali injin motar gida ya daɗe da shaƙewa tun a juyi 6,000.

Abin da wannan ke nufi ga direba shi ne, a ƙasa da juyi 4,000 motar ba ta da wani abin mamaki. Mutane da yawa sukan gwada ta a cikin gari su sauko suna cewa ai ba ta ja. Lafiyarta ƙalau, ba su je inda ƙarfin yake ba ne.

Me aka sa a cikinsa da yake jure wannan juyin?

A juyi 9,000 karanshaf na zagayawa sau 150 a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 75, fistin kuma yana gudun mita 25 a daƙiƙa a matsakaici, gudun da ya yi kusa da na injinan tsere. Nauyin da konrod ke ɗauka ba ya tafiya daidai da juyi, ninkin-ba-ninki yake yi: daga 6,000 zuwa 9,000 juyi ya ƙaru da rabi, amma nauyin ya ninka sau biyu da kwata. Ka riƙe wannan lissafi, zai dawo a amsar kuskuren giya.

Shi ya sa fistin ɗin na alminiyam ne da aka buga, ba na zubi ba, konrod da karanshaf kuma na ƙarfe bugagge. Metal ɗin karanshaf suna zaune cikin wani firam guda mai kama da tsani da aka ɗaure a ƙasan bulok don kada ya lanƙwashe. Bangon silinda ba hannun ƙarfe ba ne, wani haɗi ne na alminiyam da zaruruwan alumina da kabon da Honda ke kira FRM, mai sauƙin nauyi da saurin fitar da zafi. Roka, wato hannayen da ke danna bawul, na da 'yan tayoyi a inda suke haɗuwa da kamshaf don rage gogayya. Ba bel ke juya kamshaf ba: sarƙa ce ke juya wata giya a tsakiya, giyar ta juya kamshaf biyun. A ƙarƙashin kowane fistin akwai bututun da ke fesa masa baƙin mai don ya huce, kuma a gindin filta akwai na'urar sanyaya baƙin mai da ruwan lagireto.

Yaya VTEC ke aiki, kuma me ke hana shi shiga?

Kowane bawul biyu suna da ƙulli uku a kan kamshaf: ƙanana biyu a gefe, babba ɗaya a tsakiya. A ƙaramin juyi, ƙananan ne ke tura bawul, babban yana kaɗa rokarsa a banza. Da juyi ya kusa 6,000, kwamfuta sai ta buɗe wani solonoyid, baƙin mai ya shiga da ƙarfi ya tura wasu fil su kulle roka ukun su zama ɗaya. Daga nan babban ƙullin ne ke mulki, bawul ya buɗe da zurfi kuma ya daɗe a buɗe. Sauyin ƙara da fizgar da direba ke ji ke nan.

Tunda baƙin mai ne ke yin aikin, shi ne abin fara dubawa idan VTEC ya ƙi shiga. In mai ya yi ƙasa, ko ragar da ke jikin gaskit ɗin solonoyid ta toshe da datti, juyin inji zai tsaya cak a wajen 6,000 kamar an riƙe shi, wani lokaci fitilar inji ta kama da lambar P1259 a tsofaffin motoci. Haka nan in inji bai yi zafi ba, kwamfuta da kanta take hana VTEC shiga, wannan ba matsala ba ce. Gaskit ɗin solonoyid yakan bushe ya fara tsiyayar da mai bayan shekaru. Ba shi da tsada, kuma sauya shi aikin ƙasa da awa ɗaya ne.

Mene ne bambancinsa da F22C1?

A motocin 2004 na Amurka, wato waɗanda ake kira AP2 (na farko kuma AP1), Honda ta tsawaita tafiyar fistin zuwa milimita 90.7, girman inji ya koma cc 2,157. Ƙarfin murɗa ya tashi zuwa kusan Nm 220, ƙarfin doki bai sauya ba amma yana zuwa a juyi 7,800, jan layi, wato iyakar juyi a agogon mota, ya sauko 8,000, fetur kuma yana yankewa a 8,200. Dalilin saukowar shi ne gudun fistin: da doguwar tafiya, a 8,200 ya riga ya kai kusan mita 25 a daƙiƙa, iyakar da F20C ke kaiwa a 9,000. Japan ta karɓi wannan inji daga ƙarshen 2005. Turai ta ci gaba da F20C har aka rufe. Daga motocin 2006 an cire wayar totur, kwamfuta ce ke buɗe shi.

Ga mai yawo a gari, F22C1 mai lita 2.2 ya fi daɗin tuƙi. Ga wanda juyin ne ya kawo shi, F20C ba shi da madadi.

Kai shi jan layi kullum ba ya rage masa kwana?

In inji ya yi zafi kuma mai na cike, a'a. Don haka aka gina shi, kuma kwamfuta ba za ta bari totur ya wuce da shi iyaka ba. Akwai injinan da suka haura kilomita 300,000 ba a taɓa buɗe cikinsu ba. Idan aka bi diddigin waɗanda suka mutu da wuri, ba juyi 9,000 ne ya kashe yawancinsu ba. Abubuwa huɗu ne ke ta dawowa: baƙin mai da ya ƙare ba a sani ba, giyar da aka jefa ba daidai ba, fulogi ko filta da ya kwance, da bawul ɗin salansa da ya matse ya ƙone. Kowannensu yana da amsarsa a ƙasa.

Sharaɗi ɗaya: a motocin farko, ma'aunin zafi yana nuna sanda uku in ruwa ya kai zafin aiki. Kada a wuce juyi 4,000 kafin nan, kuma ko sandunan sun cika a ƙara 'yan mintuna, domin baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi.

Wane baƙin mai ake zuba masa, kuma shan mai alamar lalacewa ce?

Littafin Honda ya ce 10W-30, an kuma yarda da 5W-40. Yana cin lita 4.8 in an sauya har da filta. Tazarar juye mai a littafin Amurka mil 7,500 ce, wato kusan kilomita 12,000, amma ga motar da ke shan wuya, ko zafi da ƙura, rabin haka ne, kilomita 6,000. Mai irin 20W-50 da ake ɗura wa tsofaffin injina don ɓoye hayaƙi bai dace da shi ba. Ratar metal ɗinsa ƙanƙanuwa ce, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama da safe.

F20C yana shan mai, musamman na 1999 zuwa 2003, kuma yawan shan ya danganta da yawan zama a cikin VTEC. Injin da ke lafiya yana iya shanye lita guda a kilomita 1,500 zuwa 2,000 in ana matsa masa, wani kuma da ƙyar zai taɓa rabin lita har lokacin juyewa. Haɗarin ba a shan yake ba, a rashin dubawa yake. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a geji kusan lita ɗaya ce kacal. Mutum ya yi tafiya biyu masu nisa bai duba ba, mai ya sauka ƙasa da geji, ya shiga kwana da gudu, man ya kwanta gefe, famfo ya zuƙi iska. A juyi 8,000 daƙiƙu kaɗan sun isa metal ɗin konrod ya narke. Fitilar mai ba ta auna yawan mai, matsinsa take aunawa, kuma kafin ta kama aikin gama ya gama.

Ƙa'idar masu motar ita ce a duba geji duk lokacin da aka sha fetur. A tsaya a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira 'yan mintuna, a goge geji a sake tsomawa, a karanta fuskokinsa biyu a ɗauki wadda ta fi ƙasa, domin ɗaya takan shafo mai a jikin bututu ta yi ƙarya.

Me ya sa ake ta maganar filtar mai kamar wani babban abu?

Saboda girgizar injin a babban juyi tana iya kwance filtar da aka ɗaura da hannu kawai. Tana kwancewa mai zai feso, kuma salansa mai zafi tana nan kusa, shi ya sa motoci suka kama wuta ta wannan hanya a filayen tsere. Filtar Honda ta wannan mota, wadda lambarta ke da PCX a tsakiya, ta fi ta Civic girma, kuma an rubuta lambobi 1 zuwa 8 a kewayenta. A shafa wa robar mai, a murɗa har robar ta taɓa jikin inji, a lura da lambar da ke fuskantarka, sannan a ƙara kashi bakwai cikin takwas na zagaye da sifanar filta. Kafin a ɗaura sabuwa a tabbata robar tsohuwar ba ta maƙale a jikin inji ba. Roba biyu a kan juna fashewa suke yi da zarar matsi ya hau.

Tunda kwamfuta na yanke fetur a 9,000, ta yaya inji ke wuce iyaka?

Kwamfuta fetur kawai take iya yankewa, ba ta da iko a kan tayoyi. Giyoyin motar a kusa da juna suke, hannun giyar kuma gajere ne, don haka mai sauri yana iya neman ta huɗu ya faɗa ta biyu. A motocin farko giya ta uku 1.481 ce, ta biyu 2.045. Wanda ya kai 9,000 a ta uku ya jefa ta biyu ya saki kuloci, tayoyin baya za su juya injin da ƙarfin tsiya zuwa sama da juyi 12,400. Ko daga 8,000 ya taso, zai ga 11,000. A wannan juyin sifirin ba ya iya dawo da bawul a kan lokaci, bawul yana shawagi, roka na dukan kansa, nauyin da ke kan konrod kuma ya kusa ninka na jan layi sau biyu.

Wani lokaci injin yana mutuwa nan take: bawul ya daki fistin ya lanƙwashe. Abin da ya fi muni shi ne lokacin da ya ci gaba da aiki lafiya lau, mai motar ya yi hamdala ya manta. Faifan da ke riƙe sifirin a saman bawul, wanda makanikai ke kira ritena, ya riga ya tsage daga ƙasa inda ido ba ya gani. Tsagar tana ƙaruwa a hankali, watanni ko fiye, har ranar da kota, ƙananan ƙarafa biyu da ke kulle ritena a jikin bawul, za su zame bawul ya faɗa cikin silinda. In haka ta faru, fistin da tof silinda da bulok duk sukan tafi tare.

In ka ji tayoyin baya sun yi ƙara ko inji ya yi kururuwa da ka fara sakin kuloci, maida ƙafarka ƙasa nan da nan. Kuma hawa daga ta uku zuwa ta huɗu, a ja hannun giya da tafin hannu yana ɗan kallon waje, kada a damƙe shi a jawo shi wajen giya ta biyu.

Yaya ake gane ritena ta tsage?

Sai an cire murfin bawul. Da fitila mai haske a duba ritena takwas na ɓangaren shigar iska, su ne suka fi tsagewa a motocin 1999 zuwa 2003 saboda bawul ɗin wannan ɓangaren sun fi nauyi. A lafiyayya, kota biyun suna zaune kusan daidai da fuskar ritena. A tsagaggiya za a ga kota da kan bawul sun nutse ƙasa, ritenar ta ɗago sama da 'yan'uwanta. A kwatanta su da juna, wadda ta bambanta ita ce abin zargi.

Maganin da aka saba shi ne a sa ritena da kota na AP2, waɗanda suka fi kauri, a ɓangaren shigar iska gaba ɗaya. Ritena da kota tare ake sauya su, ba a gauraya sabo da tsoho. Ana iya yin aikin ba tare da sauke tof silinda ba, in aka hura iska cikin silinda ta ramin fulogi don ta riƙe bawul. Duk wanda ya sayi tsohuwar AP1 bai san tarihinta ba, wannan dubawar ce ta farko, kuma a haɗa ta da saitin bawul tunda murfin a buɗe yake.

Yaushe ake saita bawul, kuma nawa ne ratar?

Ɓangaren shigar iska milimita 0.21 zuwa 0.25, ɓangaren salansa 0.25 zuwa 0.29, inji a sanyaye, ƙasa da digiri 38. Gara motar ta kwana ba a tayar ba. A cire koyil da fulogi da murfi, a juya karanshaf da hannu ta ɓangaren da agogo ke bi har silinda ta 1 ta kai ƙololuwa a bugun matsi, a saita bawul ɗinta huɗu, sannan a bi jerin 3, 4, 2, ana ƙara rabin zagaye kowane karo. Fila geji ya shiga da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba kuma da tilas ba. A ɗaure notin a Nm 20, a sake aunawa, domin ɗaurin yakan motsa saitin.

Littafi ya ba da tazara mai nisa sosai, amma masana injin ba sa jira. Bawul mai sako-sako yana ƙara, kowa zai ji. Matsattse shiru yake yi, kuma shi ne mai kisa: ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya samun inda zai zubar da zafi, sai gefensa ya ƙone. Motocin 2006 zuwa sama sun fi fama da wannan a ɓangaren salansa. Shi ya sa ake saita na salansa a bakin 0.29, a kuma duba duk kilomita 40,000 zuwa 50,000.

Gaskiya ne fulogi yana kwancewa da kansa?

Gaskiya ne. Adadin ɗaurin da aka fara bayarwa, Nm 18, ya yi kaɗan, daga baya Honda ta ɗaga shi zuwa Nm 25. Fulogin da ya saki yana barin wuta ta bi ta zarensa, ta narka koyil, ta cinye zaren tof silinda, wani lokaci bakinsa ya karye ya faɗa ciki ya kakkarce bangon silinda. A yi amfani da NGK PFR7G-11S ko takwaransa na Denso, rata milimita 1.0 zuwa 1.1, a ɗaura inji a sanyaye da sifanar awon ɗauri, zaren a bushe. In inji ya fara tsallen wuta ko fitilar inji tana ƙiftawa, a tsaya a duba, kada a ce bari a isa gida.

Ina jin ƙara kamar kati a jikin sifokin keke daga gaban inji. Mene ne?

Kusan kullum tenshonar sarƙa ce. Ƙaramar na'ura ce a gefen tof silinda daga gaba, mai aiki da sifirin da matsin mai, kuma in abin da ke cikinta ya goge ya yi santsi sai ta riƙa ja da baya, sarƙa ta saki. An fi jin ƙarar in inji ya yi zafi yana tsaye, ko jim kaɗan bayan an tayar da shi. Ba ta kashe inji a rana ɗaya, amma barinta yana cinye jagororin sarƙa. Daga waje ake cire ta, ba sai an buɗe inji ba. Sabuwar ta kamfani takan sake yin ƙarar bayan wani lokaci, don haka da yawa suna sa waɗanda aka gyara ƙirarsu. Kada a juya inji tenshona tana cire.

Ƙara mai nauyi daga ƙasa wadda ke bin juyi, wannan ba sarƙa ba ce. A kashe inji, a koma amsar baƙin mai.

Me ake nufi da matsalar silinda ta huɗu?

Kusoshin da ke ɗaure bututun fesa wa fistin mai su ne kuma hanyar man. A injinan farko huji biyu gare su, a cikin 2002 aka koma masu huji huɗu. Matsalar ta fi bayyana a Turai, inda ake daɗewa ana gudu a babban juyi a manyan titunan Jamus: fistin ya yi zafi, ya kumbura, ya karce bango, galibi a silinda ta huɗu da ke can baya. A Turai an kira motoci an sauya musu. Ga mai tuƙin yau da kullum ba abin tashin hankali ba ne. Mai niyyar shiga filin tsere ko ƙara turbo da motar kafin 2002 ya sauya. Sai an sauke kaskon mai, kuma zaren yana cikin alminiyam, saurin lalacewa gare shi, don haka da hannu ake fara murɗa kusar.

In bangon silinda ya karce, ana iya yi masa bori, wato a faɗaɗa ramin silinda?

Ba kamar yadda ake yi wa bulok na ƙarfe ba. Kaurin FRM kaɗan ne. Honda ta tanadi fistin mai ƙarin milimita 0.25 kawai, kuma gogewar tana buƙatar duwatsu na musamman da mai aikin da ya san kayan. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki galibi ya wuce wannan. Abin da ya rage shi ne a sa hannun ƙarfe a silinda huɗun ko a nemi wani bulok. Akasarin fistin da ringin kasuwa an yi su ne don bangon ƙarfe, in aka sa su a FRM za su cinye shi. Ga tsada, ga kuma ƙarancin injinan tunda an daina yin su, wannan ne ya sa duba geji da ɗaure fulogi suka fi komai arha a motar.

Zai iya da fetur da zafin ƙasashenmu?

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Littafin Amurka ya ce okten 91, wato awon juriyar fetur ga matsi, amma ma'auninsu daban ne, 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da Najeriya. A Turai RON 98 ake so, 95 ne mafi ƙaranci. Fetur ɗin gidajen mai a Najeriya ma'auninsa RON 91 ne, wato ƙasa da abin da injin ke buƙata. Akwai na'urar jin ƙwanƙwasa da ke sa kwamfuta ta ja wuta baya, wannan zai kare injin a tuƙi mai sauƙi, ƙarfi ya ragu. Amma cikakken totur a VTEC da rana tsaka a watan Afrilu, da wannan fetur, ya wuce abin da za a dogara ga na'urar. Na Japan mai matsi 11.7 ya fi shiga haɗari, ga shi kuma sitiyarinsa a dama yake. Sai an nemi fetur mai babban okten ko ingantaccen sinadarin ƙara shi.

Kada a cire tamostat, kada a haɗa fanka kai-tsaye, kada a zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto. Inji da lagireto na son ruwan sanyaya na gaske irin Type 2 na Honda. Bayan an sauya ruwa a fitar da iska sosai, a kunna hita a tabbata tana busa zafi, domin injin yana riƙe iska a ciki, kuma tof silindar alminiyam ba ta yafe zafi ko sau ɗaya. Lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska akai-akai, ƙurar da ta wuce ta bangon FRM za ta ci.

Me zan duba a injin kafin in biya kuɗi?

Ka iske motar a sanyaye, ka taɓa inji ka tabbata ba a ɗumama ta kafin zuwanka ba. Fara da geji: mai a ƙasa da alama ya gaya maka irin riƙon da aka yi mata. A tayar, a saurari sarƙa da ƙasan inji, a kalli salansa ko akwai shuɗin hayaƙi. In ta yi zafi, a giya ta biyu a hau da ita har kusa da jan layi, VTEC ya shiga ba tare da tsayawa ko tari ba.

Daga nan aikin bakanike ne. Awon matsi a silinda huɗun, inji da zafi, totur a buɗe: lafiyayyu sukan nuna sama da psi 200, amma daidaito tsakaninsu ya fi adadin muhimmanci, kuma littafi bai yarda bambancin ya wuce kPa 200 ba, kusan psi 28. Silindar da ta yi ƙasa a yi mata gwajin hura iska a ji inda take fita: ta salansa bawul ne ya ƙone, ta bakin zuba mai ringi ne ko bango. A zura kyamara ta ramin fulogi a kalli bangon, musamman na huɗu. A cire murfi a duba ritena da ratar bawul kamar yadda aka bayyana a sama. A kuma auna wasan karanshaf gaba da baya, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 0.10 da 0.35. In fulin gaba yana motsi da ido ke gani lokacin da wani ya taka kuloci, washar da ke tare karanshaf ta cinye, kuma gyaran na sauke inji ne. Mai sayarwar da ya ƙi a cire murfin bawul a kan motar 1999 zuwa 2003, a cire kuɗin ritena da aikinsu daga farashi kafin a ci gaba da ciniki.